Bayard Rustin: Mutumin da ya tsara gangamin Washington amma aka sakaya sunansa

A ranar 28 ga watan Agustan 1963, mutane kimanin 250,000 suka yi dandazo a Washington, babban birnin Amurka, domin neman a kawo ƙarshen wariyar launin fata, a kuma samar wa baƙar fata aikin yi. A wurin ne Dokta Martin Luther King ya yi jawabinsa da ya fi kowanne shahara.

Mutumin da ya tsara wannan gangami, tun daga motocin da suka kwaso jama'a har zuwa na'urorin ƙara sauti, shi ne Bayard Rustin. To sai dai an shafe shekaru da dama ba a cika ambaton sunansa ba a littattafan tarihi.

Shi dai Mista Rustin baƙar fata ne, Kirista ne mai riƙo da ɗariƙar Quaker, kuma ɗan luwaɗi ne da bai musanta hakan ba, a zamanin da luwaɗi yake laifi a dokokin dukkan jihohin Amurka. Addininsa ne ya jefa shi cikin gwagwarmayar neman 'yancin baƙar fata, kuma malaman addini na cikin waɗanda suka yi ta janye jiki daga gare shi. Su kuma masu goyon bayan wariya sun yi amfani da halin rayuwarsa a matsayin makamin yaƙar gwagwarmayar baki ɗaya.

Tasowarsa

An haifi Bayard Rustin ranar 17 ga watan Maris na 1912 a garin West Chester da ke jihar Pennsylvania. Kakanninsa na wajen uwa, Janifer da Julia Rustin, su ne suka rene shi, kuma ya taso yana zaton su ne iyayensa, yana ɗaukar mahaifiyarsa a matsayin yayarsa.

Kakarsa Julia ma'aikaciyar jinya ce da ta sami tarbiyyar 'yan Quaker, ko da yake tana bin mijinta zuwa cocin AME, wato cocin Methodist na baƙar fata. Mamba ce kuma a ƙungiyar NAACP mai kare haƙƙin baƙar fata, kuma manyan jagorori irin su W.E.B. Du Bois kan sauka a gidanta.

Waɗannan majami'u biyu kowacce da tarihinta a kan batun launin fata. Richard Allen ne ya kafa cocin AME a birnin Philadelphia a 1816, bayan da baƙar fata suka fice daga wani cocin farar fata saboda wulaƙancin da ake yi musu a lokacin ibada.

Ita kuwa ɗariƙar Quaker, wadda mabiyanta ke kiran kansu Abokai, George Fox ne ya assasa ta a Ingila a tsakiyar ƙarni na 17. Ginshiƙin koyarwarta shi ne akwai hasken Ubangiji a cikin kowane ɗan Adam, saboda haka bai halatta a kashe mutum ko a ƙasƙantar da shi ba. Mabiyanta ba sa zuwa yaƙi, kuma suna ɗaukar faɗin gaskiya a matsayin wajibi. Tun a 1688 wasu daga cikinsu suka rubuta takardar ƙin amincewa da cinikin bayi a Pennsylvania.

Duk da wannan tarihi, akwai wariya a West Chester lokacin ƙuruciyar Rustin. Gidajen abinci kan ƙi sayar wa baƙar fata, gidan sinima kuma ya keɓe musu wurin zama. Tun yana matashi aka taɓa kama shi saboda ya zauna a sashen farar fata.

Ya sha ba da labarin cewa tun yana saurayi ya shaida wa kakarsa ya fi sha'awar zama da maza a kan mata, kuma ba ta kore shi ba, ba ta tsine masa ba. Masu rubuta tarihinsa na ganin wannan ne ya sa bai taso da jin kunyar kansa ba, saɓanin akasarin irinsa a wancan zamani.

Kurkuku saboda aƙida

Ya yi karatu a Jami'ar Wilberforce ta cocin AME da ke jihar Ohio, da kuma kwalejin horar da malamai ta Cheyney, kafin ya koma unguwar Harlem ta birnin New York a 1937. Yana da zazzaƙar murya, kuma da waƙa ya riƙa samun abin kashewa.

A shekarun nan ne ya shiga reshen matasa na jam'iyyar kwaminisanci, saboda tana cikin jam'iyyu ƙalilan da ke magana a kan wariya. Ya fice a 1941, lokacin da jam'iyyar ta jingine batun baƙar fata bayan Jamus ta kai wa Tarayyar Sobiyet hari. Amma wannan tabo ya bi shi har ƙarshen rayuwarsa.

Daga nan ya haɗu da mutane biyu da suka zame masa iyayen gida. Na farko shi ne A. Philip Randolph, shugaban ƙungiyar ƙwadago ta baƙar fata masu aiki a jiragen ƙasa. Na biyu kuma shi ne A. J. Muste, wani malamin coci farar fata da ke shugabantar ƙungiyar Kiristoci masu ƙin yaƙi ta FOR, wadda ta ɗauki Rustin aiki.

A 1942, yana cikin wata bas daga Louisville zuwa Nashville, ya ƙi komawa kujerun baya da aka keɓe wa baƙar fata. 'Yan sanda suka fito da shi suka lakaɗa masa duka, bai rama ba.

A lokacin Yaƙin Duniya na Biyu, doka ta ba wa 'yan Quaker damar yin aikin farar hula a maimakon aikin soja. Rustin ya ƙi duka biyun, yana mai cewa tilasta wa mutane shiga soja ya saɓa wa koyarwar Yesu Almasihu. A 1944 aka yanke masa ɗaurin shekara uku, ya kuma shafe wata 28 a gidajen yarin Ashland da Lewisburg.

A cikin kurkukun ma ya shirya fursunoni domin ƙin amincewa da raba baƙi da farare a wurin cin abinci. Ana cikin haka hukumomin gidan yarin suka tuhume shi da neman wasu fursunoni maza, aka killace shi, fafutukar kuma ta wargaje. Muste ya rubuta masa wasiƙa mai zafi yana zarginsa da cin amanar tafiyar. Wannan ne karo na farko da aka yi amfani da rayuwarsa ta sirri wajen rusa aikinsa, kuma ba shi ne na ƙarshe ba.

Bayan fitowarsa, a 1947, ya jagoranci wasu mutum 16, takwas baƙi takwas farare, suka shiga motocin safa zuwa jihohin kudu domin gwada hukuncin da Kotun Ƙoli ta yanke a 1946, wanda ya haramta wariya a motocin da ke zirga-zirga tsakanin jihohi. An kama shi a jihar North Carolina, daga baya ya yi kwana 22 yana aikin gwale-gwale cikin fursunonin da ake ɗaure wa sarƙa.

Hulɗarsa da Indiya da Afirka

A 1948 ya tafi Indiya domin nazarin dabarun gwagwarmayar lumana na Mahatma Gandhi, wanda aka kashe a farkon shekarar. A 1952 kuma ya ziyarci Afirka ta Yamma, inda ya gana da Kwame Nkrumah a ƙasar da daga baya ta zama Ghana, da kuma Dokta Nnamdi Azikiwe a Najeriya, a daidai lokacin da ake fafutukar neman mulkin kai.

Ya sake komawa Ghana a 1959, inda ya taimaka wajen shirya ayarin da ya tashi daga Accra da nufin isa hamadar Sahara domin hana Faransa gwajin makamin nukiliya a Aljeriya. Hukumomin Faransa suka tare ayarin a Upper Volta, wato Burkina Faso ta yanzu, kuma aka yi gwajin farko a Reggane a watan Fabrairun 1960. A kan irin waɗannan gwaje-gwaje ne gwamnatin Sa Abubakar Tafawa Ɓalewa ta yanke hulɗar jakadanci da Faransa a watan Janairun 1961.

Abin da ya faru a Pasadena

A watan Janairun 1953, Rustin na rangadin gabatar da laccoci a jihar Kalifoniya, yana kuma shirin komawa Afirka ta Yamma domin aiki da masu neman 'yanci. Bayan wata lacca a garin Pasadena, 'yan sanda suka kama shi cikin dare a wata mota tare da wasu maza biyu. Ya amsa laifi, aka yanke masa ɗaurin kwana 60, aka kuma sanya sunansa a rajistar masu laifukan lalata.

Lokacin ya zo da tsanani. A watan Afrilun wannan shekara Shugaba Eisenhower ya sa hannu a kan wani umarni da aka yi amfani da shi wajen korar dubban 'yan luwaɗi daga aikin gwamnatin tarayya. Likitocin ƙwaƙwalwa na Amurka na lissafa luwaɗi cikin cututtukan taɓin hankali, kuma sai a 1973 suka cire shi daga jerin. Babu jihar da ta soke dokar haramta shi sai Illinois a farkon shekarun 1960, kuma sai a 2003 Kotun Ƙoli ta soke ragowar dokokin.

Ƙungiyar FOR, wadda ya yi wa aiki shekara 12, ta raba gari da shi nan take, shirin tafiya Afirka kuma ya sha ruwa. Wata ƙungiyar masu ƙin yaƙi wadda ba ta addini ba ce ta ɗauke shi aiki.

Ko a cikin 'yan ɗariƙarsa lamarin ya bar tabo. A 1955 wata hukumar 'yan Quaker ta fitar da wata muhimmiyar ƙasida a kan zaman lafiya, wadda Rustin na cikin marubutanta, amma aka cire sunansa da amincewarsa, domin gudun kada a yi amfani da shi a zubar da ƙimar aikin. Sai bayan fiye da shekara hamsin hukumar ta mayar da sunan.

Tare da Martin Luther King

A watan Fabrairun 1956 Rustin ya isa birnin Montgomery na jihar Alabama, inda baƙar fata ke ƙaurace wa motocin bas bayan kama Rosa Parks. Jagoran ƙauracewar shi ne Dokta King, wani matashin limamin cocin Baptist mai shekara 27, wanda aka jefa wa gidansa bam makonni kaɗan kafin nan.

A lokacin akwai bindigogi a gidan King, da masu gadi ɗauke da makamai. Rustin na cikin waɗanda suka shawo kansa cewa jagoran gwagwarmayar lumana ba zai ajiye makami ba, ko da don kare kansa ne. Shi ne kuma ya koyar da shi dabarun Gandhi a aikace.

Bai daɗe a Montgomery ba, domin abokan tafiyarsa sun ji tsoron 'yan jarida za su tono batun kwaminisanci da na Pasadena. Ya ci gaba da ba da shawara daga nesa, yana rubuta wa King daftarin jawabai da maƙaloli. Shi da Ella Baker da Stanley Levison ne suka tsara kafa ƙungiyar SCLC ta limaman coci baƙar fata a 1957, wadda King ya shugabanta.

King ya so ba shi babban muƙami a ƙungiyar, amma wasu daga cikin limaman suka ƙi. A ganinsu, luwaɗi zunubi ne da Littafi Mai Tsarki ya haramta, kuma bai dace mai aikata shi ya jagoranci tafiyar da coci ce ƙashin bayanta ba. Wasu kuma lissafin siyasa suke yi. Baƙar fata sun daɗe suna fama da ƙazafin cewa ba su da tarbiyya, saboda haka jagororinsu ke ganin dole su fito fes a idon jama'a, kada abokan gaba su sami abin kamawa.

Rikicin ya fito fili a 1960. King da Randolph na shirin zanga-zanga a wurin babban taron jam'iyyar Democrat a birnin Los Angeles, kuma Rustin ne mai tsarawa. Sai Adam Clayton Powell, ɗan majalisar wakilai baƙar fata kuma limamin babban cocin Abyssinian Baptist da ke Harlem, ya aika da saƙo cewa muddin ba a fasa ba, zai shaida wa 'yan jarida cewa akwai alaƙar luwaɗi tsakanin King da Rustin.

Zargin ƙarya ne. Rustin ya miƙa takardar murabus yana sa ran King zai ƙi karɓa, amma King ya karɓa. Marubuci James Baldwin, wanda shi ma baƙar fata ne ɗan luwaɗi da ya taɓa yin wa'azi a coci yana yaro, ya rubuta cewa matakin ya rage wa King ƙima a idon matasa. Kusan shekara uku Rustin ya yi a gefe.

Gangamin Washington

Randolph ne ya dawo da shi. Da aka zo naɗa wanda zai shirya gangamin 1963, shugaban NAACP Roy Wilkins ya ce bai yarda a ba Rustin ba, saboda tarihinsa zai zama abin suka. Aka daidaita a kan Randolph ya zama darakta, shi kuma nan take ya naɗa Rustin mataimakinsa, ya miƙa masa ragamar aikin.

Cikin kimanin wata biyu, daga wani tsohon gini a Harlem, Rustin da ma'aikatansa suka tsara zuwan bas fiye da 2,000 da jiragen ƙasa na musamman 21. An tanadi ƙunshin abinci 80,000, da ruwan sha, da makewayi, da wuraren ba da agajin gaggawa. Ya horar da 'yan sanda baƙar fata da suka ba da kansu domin kula da tsari ba tare da makami ba. Da aka lalata na'urorin ƙara sauti ana jajibirin taro, injiniyoyin soja ne suka gyara su cikin dare.

Saura kimanin mako biyu a yi gangamin, Sanata Strom Thurmond na jihar South Carolina, wanda ya yi ƙaurin suna wajen kare wariya, ya tashi a zauren Majalisar Dattawa ya kira Rustin ɗan kwaminisanci, mai gudun aikin soja, kuma ɗan luwaɗi. Ya kuma shigar da takardun kamun Pasadena cikin kundin majalisa.

Manufar ita ce a raba kan jagororin, amma a wannan karo ba su ja da baya ba. Randolph ya kira 'yan jarida ya ce yana da cikakkiyar amincewa da halin Rustin da gaskiyarsa da ƙwarewarsa, sauran kuma suka mara masa baya. Bayan mutuwar Sanata Thurmond a 2003 ne ta bayyana cewa yana da 'ya da wata baƙar fata da ta yi aikatau a gidan iyayensa, abin da ya ɓoye tsawon rayuwarsa.

An yi gangamin lafiya an tashi lafiya. Rustin ne ya karanta jerin buƙatun masu gangamin a gaban jama'a, kuma mujallar Life ta buga hotonsa tare da Randolph a bangonta. Amma ba ya cikin jagorori goma da suka gana da Shugaba Kennedy a fadar White House a yammacin ranar. A 1964 aka kafa dokar haramta wariya, a 1965 kuma dokar kare haƙƙin jefa ƙuri'a.

Saɓani da 'yan'uwansa baƙar fata

Ba batun luwaɗi kaɗai ne ya haɗa Rustin da jama'arsa ba. Ya yi muhawara a bainar jama'a da Malcolm X, kakakin ƙungiyar Nation of Islam a lokacin, ciki har da wadda aka yi a Jami'ar Howard a 1961. Malcolm X na kira ga baƙar fata su ware su dogara da kansu, shi kuwa Rustin na cewa tsirarun da ba su wuce kashi ɗaya cikin goma na al'umma ba, ba za su yi nasara ba sai da abokan ƙawance.

A 1965 ya rubuta wata maƙala yana kira da a tashi daga zanga-zanga a koma siyasa, a haɗa kai da ƙungiyoyin ƙwadago da jam'iyyar Democrat domin yaƙi da talauci. Wannan matsayi ya jawo masa baƙin jini. Tsofaffin abokansa masu ƙin yaƙi sun zarge shi da sassauta murya a kan yaƙin Vietnam don kada ya ɓata wa gwamnatin Shugaba Johnson rai. A 1968 ya goyi bayan ƙungiyar malaman makaranta ta New York a rikicinta da iyayen yara baƙar fata. A 1975 kuma ya kafa wani kwamiti na baƙar fata masu goyon bayan Isra'ila, a lokacin da matasan 'yan gwagwarmaya da dama ke karkata ga Falasɗinawa.

Wasu masu sukarsa sun tsaya a kan siyasa, wasu kuma sun haɗa da gori. A tsakanin masu ra'ayin ƙarfin baƙar fata na shekarun 1960 da 1970, akwai masu cewa luwaɗi ɗabi'ar farar fata ce, kuma duk baƙin da ke yin ta ya bar jama'arsa. Kasancewar abokan zaman Rustin da aka sani farar fata ne ya ƙara ba su abin faɗa.

A ɗaya ɓangaren kuma, ƙungiyoyin 'yan luwaɗi da maɗigo da suka bunƙasa bayan tarzomar Stonewall ta 1969 a New York, farar fata ne suka mamaye shugabancinsu, kuma baƙaƙen cikinsu sun sha kokawa da wariyar da suke fuskanta a can ma.

Shekarunsa na ƙarshe

A 1977 Rustin ya haɗu da Walter Naegle, wani farar fata da ya girme wa da shekara 37, suka zauna tare har ƙarshen rayuwarsa. Da yake doka ba ta amince da irin wannan zama ba, a 1982 Rustin ya bi ta kotu ya ɗauki Naegle a matsayin ɗan riƙo, domin ya sami ikon gado da na kula da shi idan ya kwanta ciwo.

A shekarun 1980 ne ya fara magana a fili a kan haƙƙin 'yan luwaɗi. A 1986 ya ba da bahasi yana goyon bayan dokar birnin New York da ta haramta nuna musu bambanci a wurin aiki da gidajen haya. Ya kuma ce a ganinsa, yadda ake mu'amala da su ne ya zama sabon ma'aunin adalcin al'ummar Amurka, kalaman da suka ɓata wa wasu baƙar fata rai.

A wata hira da ya yi a lokacin, ya danganta matsayinsa da abin da ya faru a bas ɗin nan ta 1942. Ya ce kamar yadda komawa kujerar baya ke nufin taimaka wa wariya, haka ɓoye halinsa ke nufin taimaka wa ƙiyayyar da ke neman hallaka shi. Wannan hujja ce da ta yi daidai da tarbiyyar Quaker ta ƙin yin ƙarya.

Duk da haka bai ɗauki kansa jagoran 'yan luwaɗi ba. A 1986, da aka gayyace shi ya yi rubutu a wani kundi na baƙar fata 'yan luwaɗi, ya ƙi, yana mai cewa ba da son ransa asirinsa ya fito ba, yanayi ne ya tona shi, kuma a wurinsa wannan lamari ne na sirri.

Ya ci gaba da aikin agaji ga 'yan gudun hijirar Vietnam da Kambodiya, da sa ido a zaɓuɓɓuka a ƙasashe irin su Zimbabwe. Ya mutu a New York ranar 24 ga watan Agustan 1987, yana da shekara 75, jim kaɗan bayan dawowarsa daga wata ziyara a Haiti.

Bayan mutuwarsa

Muhawara a kansa ba ta mutu tare da shi ba. A farkon shekarun 2000, da hukumar ilimi ta garinsu West Chester ta yanke shawarar sanya wa wata sabuwar makarantar sakandare sunansa, wasu iyaye sun yi ca, suna kafa hujja da ƙin zuwansa yaƙi, da kwaminisanci, da kuma luwaɗi. Hukumar ta tsaya a kan bakanta, aka buɗe makarantar a 2006.

A watan Nuwamban 2013 Shugaba Barack Obama ya ba shi lambar yabo mafi girma da ake ba farar hula a Amurka, kuma Walter Naegle ne ya karɓa. A watan Fabrairun 2020 gwamnan Kalifoniya Gavin Newsom ya yi masa afuwa a kan hukuncin Pasadena, a 2022 kuma wata kotu a North Carolina ta soke hukuncin da ya biyo bayan tafiyar 1947. A 2023 aka fitar da wani fim a kan rayuwarsa, wanda kamfanin Mista Obama da mai ɗakinsa ya shirya.

A fagen addini kuwa kawuna sun ci gaba da rabuwa, har a cikin iyalan Dokta King. Matarsa Coretta Scott King ta goyi bayan haƙƙin 'yan luwaɗi har zuwa mutuwarta a 2006, tana cewa adalci ba ya rabuwa. 'Yarsu Bernice King kuwa, wadda malamar coci ce, ta shiga wani jerin gwano a birnin Atlanta a 2004 wanda ke adawa da auren jinsi.

A wannan shekara ta 2004 ce cocin AME, inda Rustin ya yi ibada yana yaro, ya haramta wa limamansa ɗaura auren jinsi. 'Yan Quaker na Birtaniya sun amince da irin wannan aure a 2009, yayin da shugabannin ɗariƙar a Kenya, ƙasar da ta fi kowacce yawan mabiyanta, suka fitar da sanarwa a 2012 suna cewa luwaɗi zunubi ne.

Limaman coci baƙar fata da dama na ƙin a kwatanta gwagwarmayar 1963 da ta 'yan luwaɗi, suna cewa launin fata halitta ce, wancan kuwa aiki ne da nassi ya hana. Masu ɗaya ra'ayin kuma na nuni da Rustin a matsayin shaidar cewa tun farko akwai irinsa a tsakiyar tafiyar, kuma sun sha duka da ɗauri tare da kowa.

Abin da masana tarihi na ɓangarorin biyu ba sa jayayya a kai shi ne girman aikin da ya yi, da kuma dalilin da ya sa aka daɗe ba a faɗa ba.